Lallen Hannu Ɗaya

Sabon Gari, Wudil.
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yayar su Sadiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ƙawata Hanifa. Allah ya tsare ku, ya rufa muku asiri, ya sa albarka a abin da kika sa gaba. Abbanku yana gaishe ku.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni, alhali tsakanin gidanki da nan bai kai tafiyar minti goma ba. Kin san dalili. Ke ce 'yar fari, kuma sunan Inna, mahaifiyar Abbanku, kika ci. Shekara ashirin da takwas ban taɓa kama sunanki ba, ban taɓa zaunar da ke mun yi magana ido da ido ba. Haka aka tashe mu. Yau kuwa akwai maganar da ba za ta aiku a bakin Sadiya ba.

Jiya ƙanwar taki ta shigo ina tankaɗe, ta ce, "Umma, kin san Yaya Ummi za ta fasa tafiyar nan?" Na ce wace tafiya? Ta ce, "Karatun mana. Na ga takardar da take rubuta wa jami'ar, wai a ɗage mata zuwa baɗi. Ni kuwa na san baɗin nan ba zuwa zai yi ba." Na ce me ta ce ya faru? Ta ce, "Wai Hanifa ta yi ƙanƙanta." Na ajiye rariyar. Hanifa ba ta ƙara ƙanƙanta ba daga wancan makon zuwa wannan. Ni na san abin da ya faru, ke ma kin sani.

Ranar Juma'a da kuka zo wuni, yarinyar tana kwance rub da ciki a kan tabarma tana zane da fensir mai kala, da hannun hagu. Na zo wucewa da tire. Na sunkuya, na zare fensirin, na sa mata a dama, na ce, "Da wannan, ƙawata." Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi. Da na ɗago sai na gan ki a ƙofar ɗaki. Kika gyara mayafi, kika ce la'asar ta yi za ku tafi, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Shekara uku kina neman gurbin nan na digiri na biyu. Sau biyu ba a ɗauke ki ba, na uku aka ɗauke ki. Kin yi wa Abbanku bayani ina daga madafa ina ji: za a koya muku yadda ake amfani da zane da ginin yumɓu da waƙa da wasa a taimaki yaran da bakinsu ya kulle ko zuciyarsu ta cushe, a makarantu da asibitoci. Shekara biyu a Kudu, ɗakin kwanan ɗalibai ba a zama da yaro, shi ya sa aka tsayar Hanifa za ta zauna a wurina. Litinin ta sama ya kamata ki kama hanya. Yanzu kina shirin ajiye duk wannan saboda ba ki yarda ki bar min 'yarki ba. Ban ga laifinki ba. Amma kafin ki aika da waccan takardar, ki karanta tawa zuwa ƙarshe.

Kina da shekara huɗu muka je Lajawa gaida Inna, Allah ya jiƙanta. Aka ba ki ƙwaryar fura ki kai mata, kika miƙa da hagu. Ba ta karɓa ba. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar boko, kina zaune takwarata tana miƙo min abinci da hannun tsarki? Haka za ta je gidan mutane ta miƙa wa suruka ƙwarya, a ce ba ta da uwa?" Matan gidan suka yi dariya. Wata ta ce, "Ai su a littafi suke renon 'ya'ya."

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, a lokacin na san gaskiya. A sakandare malamarmu ta kiwon lafiya ta koya mana cewa bahago haka aka halicce shi, daga ƙwaƙwalwa abin yake, kuma tilasta masa ya sauya yana iya jawo wa yaro damuwa. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci. Amma a tsakar gidan Inna, ina sabuwar suruka, kaina a ƙasa, sai na ce, "To Inna, za a gyara."

Ita ta koya min dabarar. Ta ce ba duka, ba faɗa, lalle za a sa miki. Da muka dawo gida na kwaɓa lalle, na shafe miki hannun hagu har wuyan hannu, na naɗe da ganye da tsumma, na ɗaure. Kika yi ta murna kina ɗaga shi kina nuna wa kowa, wai ke amarya ce. Tun safe har la'asar hannun yana ƙunshe. Duk abin da za ki ɗauka sai da dama. Bayan kwana biyu na sake ƙunsawa. Haka muka yi ta yi har kusan wata uku, duk tsawon lokacin da ya rage a sa ki firamare. Hannun ya yi ja, ya koma baƙi ƙirin, ɗayan kuwa fari tas. Maƙwabta suna cewa, "Kai, lallen yarinyar nan yana kamu." Wata rana ina naɗe miki sai kika miƙo damar kika ce, "Umma, wannan fa?" Na ce gobe. Kika yi ta tambaya ina cewa gobe, har kika daina tambaya. Daga baya in kika ga na ɗauko kwanon lalle sai ki shige bayan randa.

Ba Inna ce ta yi miki wannan ba. Inna tana Lajawa, magana ɗaya ta yi. Ni ce na yi, kuma na yi fiye da abin da ta ce, don in nuna cewa 'yar boko ma ta iya tarbiyya. Da lallen bai gama aiki ba, ai kin tuna rular da na riƙa buga miki a hannun.

Shawarata a nan ita ce, ilimin da za ki ƙaro ba zai amfani kowa ba in zai tsaya a takardar jarrabawa kamar nawa. Ki koyi faɗinsa a gaban manya, da ladabi, amma ki faɗa. Kuma idan aiki ya kai ki gidajen mutane, za ki tarar da iyaye mata irina da yawa. Kada ki ɗauka jahilci ne ke sa su. Wata ta sani sarai, tsoro take ji. Ki fara gano wace ce maganarta ke yanka a gidan. Sau da yawa ba uwar yaron ba ce. Kada ki yi wa uwa gyara a gaban surukarta, za ta ce miki to, ki fita ta ninka abin. Ki je wurin tsohuwar, ki durƙusa ki gaishe ta, ki nemi shawararta kafin ki ba ta taki.

A zangon farko na firamare in'ina ta kama ki. Ban ce lallen ne ya kawo ta ba, ku masu karatu ku za ku sani. Na dai san cewa kafin nan bakinki ba ya hutawa, har Abbanku yana ce miki rediyo. Sai ga shi kalma ɗaya tana maƙale miki, ki yi ta bubbuga ƙafa a ƙasa, idonki ya kawo ruwa. Aka yi rubutu kika sha, aka ba ki zuma. Wannan duk ba laifi. Laifin da na yi shi ne ban taɓa jiran ki ki gama magana ba. Da kin fara "U-U-Umma, ina s-s-so," sai in ƙarasa miki: ruwa? tuwo? banɗaki? Ki gyaɗa kai ko da ba shi kike nufi ba. Ni a ganina sauƙi nake yi miki. Da Sadiya ta yi wayo sai na mai da aike wurinta. In baƙi suka zo suka gaishe ki, kafin ki buɗe baki na riga na ce, "Ai ita ba ta da magana." Na faɗa har kowa ya yarda, ke ma kika yarda.

Sau ɗaya na ga yadda ya kamata a yi, a wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane a bakin kogi, da muka je sayen tulu. Kika tsaya kina kallon hannunta, kika fara tambayar ta wani abu, maganar ta maƙale. Na buɗe baki zan ƙarasa, ta ɗaga min hannu duk yumɓu ta ce, "Baiwar Allah, ina za ki ne? Bar ta, tukunyar ma ba gudu take ba." Ta ci gaba da aikinta ba ta ko kalle ki ba, har kika fitar da tambayar gaba ɗaya. Ta amsa miki, ta gutsuro miki yumɓu. Na ji haushinta ranar. Na ɗauka raini ne.

To ki zama kamar matar nan ga yaran da za a kawo miki. Kuma ki nemi a zama miki kamarta. Na san abin da ke ba ki tsoro a karatun nan ba rubutu ba ne, ranar da za ki tsaya gaban manyan malamai ki kare aikinki da baki ce. Tun makon farko ki je wurin malamin da zai duba aikinki ki ce masa kina da in'ina, kina bukatar a ba ki lokaci. Ba roƙo ba ne, ba abin kunya ba ne. In wani ya ƙarasa miki magana ba daidai ba, kada ki gyaɗa kai. Ki ce a'a, ki sake ɗaukowa daga farko. Kin koyar da aji shekara biyar, yara arba'in da wani abu suna jiran ki ki gama. Manya ma za su iya.

Abu na uku da na yi miki shi ya fi ci min rai. Kina aji uku malamarku, Malama Rabi, ta zo har gida da rana tsaka, da littafin aikinki a hannu. Bayan mun gaisa ta ce, "Maman Ummi, kin taɓa duba bayan littafin nan?" Na ce a'a. Ta buɗe. Shafi wajen goma duk zane ne: mata a bakin rijiya, masu shanu ranar kasuwa, kwalekwale a kogi. Ta ce, "Wallahi shekarata goma sha biyu ina koyarwa ban ga mai hannun yarinyar nan ba. Da hagu take yi in ta ga ba mai kallo. Amma duba nan." Ta nuna min da yatsa. Kowane mutum a zanen, babba da yaro, hannunsa ɗaya dunƙule yake, an cike shi da baƙi, ba yatsu. Ta ce, "Na tambaye ta ta ƙi faɗa. Ke ko kin san mene ne?"

Kina tsaye a bakin ƙofa kina kallona. Na gane abin da na gani tun kafin ta rufe baki. Amma ga baƙuwa, ga 'yar fari, uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta nuna ya dame ta. Na kau da kai na ce, "Shirme ne na yara, Malama. Allah dai ya shirya." Na zuba mata zoɓo. Ta dube ni jim kaɗan ta ce, "Hmm. To Allah ya kyauta." Da ta tafi na ce ki daina ɓata littafi. Zanen gawayin da kike yi a bayan madafa, can ƙasa inda kike zaton ba a gani, na sa tsumma na goge.

Kin yi min magana da hanyar da ta rage miki, na ji, na yi kamar ban ji ba. Ba ni da wata hujja. Kunya al'ada ce mai kyau, ni har gobe ina ganin kyanta, amma ranar ba kunya na yi ba, ɓuya na yi a bayanta. Ki yafe min. Ban taɓa faɗa ba, ga shi na rubuta.

Da yake yanzu karanta zanen yara zai zama sana'arki, bari in ƙara miki da abin da ke ma ya kamata ki kiyaye. Kin tuna bara da kika ga zanen jikan maƙwabciyarmu, gida ba ƙofa? Kika zo kina gaya wa Sadiya cewa yaron nan a takure yake, ya kamata a bincika. Sadiya ta je ta tambaye shi, ya ce, "Ƙofar tana ta baya mana, ai ta lungu ake shiga gidanmu." Har yau in ta tuna sai ta yi dariya ta ce, "Likitan zane an sha ƙasa." Ba don in yi miki tsiya na kawo wannan ba. Ni na ga abu na ƙi tambaya, ke kika ga abu kika yanke hukunci ba ki tambaya ba. Littattafan da za a ba ku yawanci a kan yaran wasu ƙasashe aka rubuta su. Ba su san gidan da ake shiga ta lungu ba, ba su san yaron da aka hana zana fuskar mutum a Islamiyya ba. Ki karanta su da kyau, ki girmama malamanki, amma kullum ki durƙusa ki tambayi yaron, sannan ki jira.

Sauran abubuwan kin san su. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Za ki zauna da mutanen da ba addininku ɗaya ba, ba abincinku ɗaya ba, ki kyautata musu, kada ki ware kanki a ɗaki kamar yadda na san halinki, don halina ne. Ki riƙa kiran maigidanki kullum, mutumin da ya bar matarsa ta tafi shekara biyu yana shan magana a majalisa, ko bai faɗa miki ba. In abu ya yi miki nauyi ki faɗa wa wani. Mai koyon sauke wa mutane kaya ita ma tana bukatar inda za ta sauke nata.

Yanzu maganar Hanifa.

Ina so in ce miki ba zan ƙara ba, ki yarda. Amma ranar Juma'a ma ban yi niyya ba, kuma na yi. Shekara ashirin da huɗu ina nadamar abin nan, hannuna bai sani ba. Saboda haka ba zan yi miki rantsuwar da ban tabbata zan iya cikawa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne wannan. In ta zauna a wurina, fensir da allo da yumɓu duk da hagunta za ta riƙe, kuma zan je makarantarsu da ƙafata in gaya wa malamarsu haka. Abinci zan koya mata da dama, don wannan addini ne, ke ma na san ba ki ƙi ba, amma da zama kusa da ita da nuni, ba ɗauri, ba duka, ba dabara. In ta yi magana zan jira. Na gaya wa Sadiya duk ranar da ta ga hannuna ya nufi fensirin yarinyar nan ta kira ni da ƙarfi ko a gaban waye. Ta ce, "Umma, wannan aikin kam ko kyauta zan yi shi."

Amma na san alkawari a takarda ba lallai ya kwantar miki da hankali ba, kuma ba na so ki zauna a aji zuciyarki tana tsakar gidan nan. Shi ya sa yau da safe na hau mota na je Utai wurin yayar maigidanki, gwaggon Hanifa. Na gaya mata komai, har lallen. Ta ce, "Hajiya, autana ma bahago ne, ga shi can yana sassabe da hagunsa, ba wanda ya mutu." Na tambaye ta ko za ta riƙe Hanifa shekara biyun nan in an bukata. Ta ce da gudu. Gidanta akwai yara sa'anninta, makaranta tana kusa, uban yarinyar zai riƙa leƙa ta duk mako.

Ba zan ɓoye miki ba, ina son yarinyar nan a wurina. Na riga na sa an ɗinka mata katifa, na share mata gefen gadona. Kuma na san abin da za a ce a unguwa in aka ga an tsallake uwar uwa tana raye an kai jika Utai. Wannan ki bar min shi. Duk wanda ya tambaya zan ce gwiwa ce ta hana ni, kuma ba ƙarya ba ne, tana ciwon. Abbanku ya sani, ya ce duk yadda kika zaɓa daidai ne. Ba za ki ga canji a fuskata ba, ba za ki ji a bakin kowa cewa na yi ƙorafi ba.

Zaɓi biyu ne a gabanki, nan ko Utai. Na ukun, wato ki zauna, shi ne ban yarda ba, kuma wannan umarni ne na uwa. Na riga na karɓe miki abu ɗaya kina ƙarama. Ba zan zauna ina kallo ki ajiye wannan ma saboda ni ba. Ki yaga waccan takardar. Ba sai kin ba ni amsa da baki ba, na san nauyin da ke tsakaninmu. Ranar Lahadi ki haɗa kayan yarinyar ki ba Sadiya, inda kika ce ta kai, can za ta kai.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki. Allah ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokan zama na gari. Ya buɗe miki ƙirji, ya warware miki harshe, ya sa yaran mutane su sami sauƙi ta hannunki. Allah ya raya Hanifa a duk gidan da ta kwana, ya dawo mana da ke lafiya mu gani da idonmu. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban san abin da kika yi min ba.

Wassalam.
Mahaifiyarki.